Manoman da suka ci Landan suka koma gida

A watan Yuni na 1381 manoman Kent da Essex suka kutsa cikin Landan, babu mai iya tare su. Haraji ne ya kai su bango: sule guda a kan duk wanda ya haura shekara 15, karo na uku cikin shekara huɗu. Suka cinna wa fadar baffan sarki wuta, suka fille kan Simon Sudbury, babban limamin cocin Ingila. Sarki Richard na Biyu, yaro ɗan shekara 14, ya fito ya same su a Mile End, ya ce ya amince a daina tilasta musu noma a gandun iyayen gijinsu. Aka rubuta takardu aka raba musu. Da yawa suka naɗe takardar suka kama hanyar ƙauye.

A ganina a nan aka ci su, tun kafin magajin gari ya sari jagoransu Wat Tyler washegari a Smithfield. Mutanen nan ba kujerar mulki suka zo nema ba. Sun yi imani sarki nagari ne, fadawa ne mugaye. Birni yana hannunsu, amma ba su da wanda zai riƙe baitulmali ko ya zauna shari'a, ga shi kuma lokacin yankan ciyawa ya yi, gona na jira. Bayan 'yan makonni sarki ya soke takardun, aka bi shugabanninsu ana ratayewa.

To, ko manoma sun taɓa riƙe ƙasa? Sun taɓa. A Dithmarschen, wani yanki mai fadama a arewacin Jamus, dattawa 48 ne suka riƙa gudanar da al'amura tun daga 1447. Da sarkin Denmark ya kawo musu yaƙi a 1500, sai suka buɗe madatsun ruwa, dawakai da mayaƙa suka nutse a laka kusa da Hemmingstedt. Sai dai waɗannan ba talakawa ba ne da yunwa ta taso da su. Manoma ne masu hali, da dokarsu a rubuce, waɗanda aikin tare ruwan teku ya koya musu shawara da haɗa kai tun kaka da kakanni. Duk da haka, a 1559 Denmark ta dawo da rundunar da ta fi ƙarfinsu, aka raba ƙasar kashi uku.