Me Ya Sa Ake Saita Makami Mai Linzami Tun Kafin Yaƙi?

Duk wanda ya taɓa jifan mangwaro ya san cewa da zarar dutse ya bar hannu, to, ba sauran gyara. Kusan haka lamarin manyan makamai masu linzami yake, irin su Minuteman III na Amurka. Manyan injinansa kan yi aiki na kimanin minti 3 ne kacal, alhali tafiyarsa zuwa Rasha takan ɗauki wajen minti 30. A mafi yawan wannan lokaci, saurin da ya samu da kuma ƙarfin janyowar ƙasa ne ke tafiyar da shi.

Dalili na farko ke nan: lissafi. Na'urar da ke cikin makamin ba ta ganin inda aka nufa. Sauri da karkata kawai take aunawa. Saboda haka wajibi ne a sanar da ita ainihin wurin tashi da wurin sauka. Bugu da ƙari, duniya tana juyawa digiri 15 a kowace sa'a, wato kafin makamin ya isa, wurin ya gusa da digiri 7.5. Ɗalibi ya gwada wannan: kuskuren mita 1 a kowace daƙiƙa, idan ya ɗore daƙiƙa 1,800, ya zama kilomita 1.8.

Dalili na biyu shi ne ƙarancin lokaci. Idan na'urori suka hango harin abokan gaba, mintoci ƙalilan ne suka rage wa shugaba, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. A 1960 Amurka ta kafa ofishi na musamman a sansanin Offutt da ke jihar Nebraska, domin tsara jerin wuraren da za a kai wa hari.

Amma makamin da aka riga aka saita, kuskure ɗaya ya isa ya hallaka birni guda. Don haka a Janairun 1994 Shugaba Clinton da Shugaba Yeltsin suka amince su daina auna ƙasashen juna, aka mayar da saitin Minuteman III zuwa tsakiyar teku. Ana iya komawa tsohon saitin cikin ɗan lokaci, sai dai manufar ita ce idan makami ya tashi bisa kuskure, ya faɗa ruwa, ba kan mutane ba.