Kwana Nawa Abin Sha Ke Tsimuwa Kafin A Rufe Shi A Kwalba?

A ƙasashen Turawa akwai mutanen da ke dafa giyarsu a cikin gida, a bokiti ko a tulun gilashi. Birtaniya ta soke neman lasisi a kan haka a 1963, Amurka kuma ta bi sahu a 1978, lokacin da Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta halatta shi. Duk sabon shiga a cikinsu da tambaya guda yake farawa: kwana nawa zan jira kafin in ɗura a kwalba? Mai karatu zai ce ina ruwan biri da gada, mu da addini ya haramta mana giya. To akwai ruwa, domin abin da ke faruwa a cikin bokitin nan nasu shi ne ke faruwa a robar kunun aya da aka bari a rana a bakin tasha.

Mai aikin wata ƙwayar halitta ce da ido ba ya gani, wato yis, wanda mata suka sani a ƙullin waina da na fanke. Abincinsa sukari. Idan ya ci sai ya fitar da abu biyu, barasa da iskar kabon, kusan rabi da rabi a nauyi. Masanin nan Bafaranshe, Louis Pasteur, shi ya tabbatar tun wajen 1857 cewa tsimuwa aikin halitta mai rai ce. Lissafin kuwa abin tsoro ne: giram 10 kacal na sukari, wato kimanin cokali biyu na shayi, yana iya ba da iskar da ta haura lita biyu da rabi. A buɗaɗɗen mazubi iskar ficewa take yi abinta. A rufaffiyar kwalba kuwa ba ta da hanya, sai ta yi ta matsa jikin kwalbar har ɗayansu ya gaji.

Shi ya sa masu wannan sana'a ba sa gaggawa. Irin giyar da ake tsimawa a ɗumin digiri 18 zuwa 22 takan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu. Wadda ake kira laga tana son sanyi, digiri 7 zuwa 13, kuma takan ci makonni da dama. A kwana biyu ko uku na farko ruwan yakan yi ta kumfa yana ɓulɓula, daga nan ya lafa. A nan ne mai gajen haƙuri ke shiga uku, don lafawar kumfa ba ta nuna sukari ya ƙare. Yis na nan yana ci a hankali. Gwanayensu sun daina ƙirga kwana tuntuni. Suna amfani da wani ɗan bututun gilashi, haidiromita, mai auna kaurin ruwa. Ruwan da ke cike da sukari zai iya nuna 1.050 a farko, ya sauko wajen 1.010 idan aiki ya zo ƙarshe. Sai sun auna yau, sun auna jibi, sun ga lamba ba ta motsa ba, sannan su ɗura. Ko a nan ma sukari ɗan kaɗan suke ƙarawa a kan awo, domin abin ya yi gas, su ajiye shi kamar mako biyu. Wanda ya riga lokaci yakan tsinci tarwatsattsun kwalabe a ɗaki, wani lokaci da rauni a fuska ko a hannu.

Matsalar ta daɗe. A yankin Shamfen na Faransa, a ƙarni na 18, kwalabe sun riƙa fashewa a rumbunan ƙarƙashin ƙasa, ɗaya ta tashi ta tayar da maƙwabtanta, har ma'aikata suka koma sa abin kare fuska na ƙarfe. Sanyin hunturu ne ke kwantar da yis kafin ya gama cin sukari, a ɗura a zaton ya mutu, da bazara ta shigo sai ya farka a cikin kwalba.

Masu dafa burukutu a Filato da kudancin Kaduna, da masu fito a arewacin Gana, tasu dabarar daban ce. Daga tsiron dawa suke yi, kwana ɗaya zuwa biyu ya nuna, a sha shi a ƙwarya yana kan kumfa. Ba mai rufe shi, kuma ba ya jure ajiya, 'yan kwanaki ne ya koma tsami.

Yanzu mu dawo gida. Kunun zaki, kunun aya, zoɓo, lemon citta, ruwan rake, dukkansu ruwa ne mai sukari. Yis kuma ba sai an zuba ba, yana jikin hatsi da aya da dabino, yana hannu, yana cikin robar da aka tsinto aka ɗauraye sama-sama. Ga shi zafinmu ba na Turai ba ne, a watan Afrilu Kano da Sakkwato da Maraɗi sukan haura digiri 40. Abin da ke cin kwanaki a can, a nan wuni guda ya ishe shi. Kunun aya ya fi kowa saurin juyawa, na safe idan babu ƙanƙara da wuya ya kai dare lafiya.

Sai dai a bambance. Tsamin da ake ji a fura da nono ko a gasara yawanci aikin wasu ƙwayoyin ne daban, masu mayar da sukari ruwan tsami, kuma shi muke so. Aikin yis yana da nasa alamomin: roba ta kumbura ta yi tauri, murfi ya yi tsit idan an murɗa, kumfa ta taso, zaƙi ya ragu, wari mai hawa hanci ya bayyana. Duk inda waɗannan suka haɗu, an fara samun barasa, ko da kaɗan ce. Nawa ne ke kai ga haramci, wannan fagen malamai ne. Amma abin lura ne cewa a Sahihu Muslim an ruwaito daga Ibn Abbas cewa ana jiƙa wa Annabi (SAW) zabibi a ruwa, ya sha ranar da washegari har zuwa yammacin rana ta uku, abin da ya rage a bayar ko a zubar. Iyakar kwana uku ke nan, a ƙasa mai zafi irin tamu.

A ganina kuskuren da ya fi yawa shi ne dogaro da firiji. Sanyi ba ya kashe yis, barci kawai yake sa shi, kuma kowa ya san halin wutarmu. A ɗauke ta da dare, kafin asuba aiki ya ci gaba. Tafasawa ce ke kashe shi, shi ma in ba a sake zuba ɗanyen sukari ko ɗanyar aya a kai ba, kuma in mazubin ya sha wanki da ruwan zafi.

Don haka masu sana'ar kunu da zoɓo, a riƙa yin daidai na sayarwar rana ɗaya. Kada a ɗura a kwalbar gilashi mai murfin ƙarfe, roba ta fi, don ita takan yi gargaɗi kafin ta fashe. Kai kuma mai saye, matsa robar da yatsa kafin ka biya. Idan ta ƙi lotsawa alhali ba daskarewa ta yi ba, mayar da ita cikin kula ka nemi wata.