Jita a Garin Malamai: Tanadin Ɗakin Gwaji a Gwandu da Kalgo

A shekarar 2008 wani saurayi Ba'abzine daga jihar Tawa ta Nijar ya sauka Sakkwato, ya shiga situdiyo ya ɗauki faifansa na farko mai suna Anar. Sunansa Mahamadou Souleymane, amma duniya ta fi saninsa da Mdou Moctar. Jitarsa ta farko da hannunsa ya harhaɗa ta, da katako da wayoyin birkin keke, domin gidansu ba a maraba da kiɗa. Yanzu sai ya zaɓi inda zai yi wasa a Amurka da Turai. A ƙauyen Illighadad kuma, can wajen Abalak, Fatou Seidi Ghali a ɓoye ta koya da jitar yayanta, kafin ta zama jagorar ƙungiyar Les Filles de Illighadad. Babu wanda aka gina wa ɗaki na musamman a cikinsu. Abin da kowa ya nema shi ne lungun da zai zauna kullum ya yi ta maimaici ba tare da ya tayar wa gida hankali ba.

Wannan buƙata ita ce ta mai koyon jita a Kebbi. Ƙasa ce ta tsirkiya tun asali, ga molo ga gurmi ga goge ga garaya, amma tun ƙarshen shekarun 1990 fiyanon Yamaha ya mamaye situdiyoyin waƙar Hausa, jita ta koma hannun 'yan tsiraru: makaɗan coci, masu yi wa ƙasa hidima, da ɗalibai. Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013 kuma mazauninta na dindindin yake kan hanyar Kalgo zuwa Bunza, ta sa Kalgo ta cika da ɗakunan haya, bango ɗaya tsakaninka da maƙwabci. Gwandu kuwa garin Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ne, can hubbarensa yake, kuma da wuya ka wuce lungu biyu ba ka ji karatun allo ba. Wanda ya saki amfilifaya a irin wannan gari bayan sallar isha'i, kafin gari ya waye maganarsa ta kai wurin mai unguwa.

Saboda haka tambayar farko ita ce ina sautin zai tafi. A nan jita da bes, wato 'yar'uwarta mai kaurin murya, suka rabu. Tsirkiya mafi kauri ta jita, wato E, tana kaɗawa sau 82 a daƙiƙa ɗaya. Ta bes sau 41 take yi, rabin wancan, kuma tsawon igiyar sautinta a iska ya haura mita 8. Sautin da ya kai wannan tsawo labule ba ya tare shi, katifa ba ta tare shi. Ta bango yake bi, ta daɓe, ta katakon rufi. Shi ya sa mai bes zai rantse ya rage murya ƙasa-ƙasa, alhali tsohuwar da ke ɗaki na uku tana jin dum-dum a ƙirjinta.

Samari da yawa sun ga hotunan situdiyo a YouTube, sai su tara kiret-kiret na ƙwai su manna a bango. Wahalar banza ce. Kwalin ƙwai yana ɗan rage amsa-kuwwa a cikin ɗaki, amma ba ya hana ƙara fita ko kaɗan, ga shi abincin wuta, ga kyankyasai. Soson da ake sayowa da tsada ma aikinsa bai wuce gyara sautin ciki ba. Abin da ke tare ƙara nauyi ne da kauri, da kuma toshe duk kafar da iska ke bi.

Da wannan ma'auni, tsohon ginin ƙasa na cikin garin Gwandu ya yi wa sabon ginin haya na Kalgo fintinkau. Soro na tubali, mai bango da kaurinsa ya kai kamu ko fiye, rufinsa azara da ƙasa, tagarsa ƙarama, ya riga ya yi rabin aikin da mawaƙin Ingila zai kashe dukiya ya yi. Fuskar bangon ba sumul take ba, don haka sauti ba ya ta kai da komo. Da rana ya fi sanyi. Ɗakin bulo mai rufin kwano kuwa komai nasa kishiyar haka ne: bulon rami ne a ciki, kwanon yana karkarwa da zarar bes ta taɓa wasu muryoyi, kuma a gidajen haya da dama bangon tsakani bai kai kwano ba, a silin ya tsaya. Ƙarar sai ta hau sama ta sauka ɗakin maƙwabci salin-alin. Ƙari a kan haka, ɗakin da magina suka fi yi, ƙafa 12 tsawo 12 faɗi, yana kumbura muryoyin da ke kusa da kaɗawa 48 a daƙiƙa, wato wajen G ta ƙasa a bes. Mai koyo sai ya ɗauka yatsansa ne ya yi nauyi, nan kuwa laifin ɗaki ne.

Wanda ba shi da soro ba a ce ya haƙura ba. Ya shimfiɗa darduma mai kauri a kan siminti, ya bar katifa da durowar tufafi a ɗakin, ya rataya bargo a bayan ƙofa, ya cusa tsumma a ƙasanta. Amfilifaya kada ta zauna a ƙasa, kada kuma a kusurwa, domin kusurwa tana ƙara wa bes ƙarfi. A ɗora ta kan kujera, a sa matashi ƙarƙashinta, a juyo bakinta daidai kunne. Da yawa suna ƙure murya ne kawai saboda sifikar gwiwarsu take kallo.

Hanya mafi sauƙi dai ita ce a raba sautin da iska gaba ɗaya. Tun 1982 Tom Scholz, makaɗin ƙungiyar Boston, ya fito da Rockman, 'yar na'urar da ake jona jita da abin sauraro na kunne. Jikokinta sun cika kasuwa yanzu. Vox amPlug ba ta kai akwatin ashana biyu ba, ana cusa ta a jikin jitar, tana cin ƙananan batura biyu, kuma akwai wadda aka yi don bes. Akwai iRig da ke mai da wayar hannu amfilifaya. Da ɗaya daga cikin waɗannan, mutum zai kai tsakar dare yana gwaji, abokin kwanansa ba ya jin komai sai ƙas-ƙas ɗin tsirkiya. Sai dai a kula da kunne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙara mai ƙarfin desibel 80 kada ta wuce awa 40 a mako, kuma da an ɗan ƙara murya lokacin yake zubewa warwas. In aka cire abin kunne aka ji wani siririn fito yana tashi, an wuce gona da iri.

Sai batun wuta. Babban layin da ke kai lantarki Yamai ta Birnin Kebbi ya bi, amma kowa ya san zuwan NEPA a unguwa ba alkawari ba ne. Makaɗan Agadas da na hamada sun daɗe da warware wannan da amfilifaya mai batir, irin Roland Micro Cube mai aiki da batura shida. Batir yana da wata fa'ida bayan wannan: sautinsa tas yake. Ƙaramin janareta da inbata mai araha suna cusa wa jita wani zuuu mai ban haushi, musamman jita mai siffar Stratocaster, kuma fanka da cajar waya suna ƙara shi. Wanda zai jona da wutar gida ya nemi sitabilaiza, ya kuma kira mai gyaran wuta ya duba ko soket ɗin yana da wayar ƙasa. Wannan ba ado ba ne. Tsirkiyoyin jitar lantarki a haɗe suke da jikin amfilifaya, in wuta ta zame ciki ta hannun makaɗi za ta bi. A 1972 Les Harvey na ƙungiyar Stone the Crows ya mutu a kan dandamali a garin Swansea bayan ya taɓa makirufon da ba a yi wa wayar ƙasa ba. Mai zama ƙafa ba takalmi a kan siminti, hannu da gumi, ya fi kowa kusa da hatsarin.

Yanayi kuma yana cin jita a hankali. Masu ƙera ta, irin su Martin da Taylor, suna son danshin iska ya tsaya tsakanin kashi 45 da 55 cikin ɗari. Da hunturu a Kebbi yakan faɗi ƙasa da kashi 20. Katako sai ya tsuke, fuskar jita marar lantarki ta tsage, bakunan ƙarafan wuya su fito suna yankar yatsa. Maganin ba tsada: a jiƙa ɗan soso a matse shi sosai, a sa cikin gidan sabulu da aka huhhuda, a rufe tare da jitar a jakarta, a riƙa dubawa bayan kwana biyu. Da bazara, a Afrilu da Mayu lokacin da zafi ke haura digiri 40, ɗakin kwano yakan tausasa gam, alhali tsirkiyoyin ƙarfe suna jan katako da nauyin kusan kilo 70. Mazaunin tsirkiya sai ya fara ɗagowa. Da damina tsatsa ce, don haka a goge tsirkiya da tsumma bayan kowane zama. Sabuwar tsirkiyar bes ba a kowane shago ake samunta ba, sau da yawa sai an yi saƙo Kano, Abuja ko Legas.

Soron ƙasa ma yana da nasa aibin: gara. Jitar da aka jingina da bango aka yi tafiyar hutu, ana iya dawowa a tarar sun yi mata gini. A rataye ta nesa da bango, ko a ɗora jakar kan tebur.

Sauran kayan kaɗan ne: kujera marar hannu, fitila mai caji, da waya mai manhajar saita murya da ta ƙidayar bugu, dukansu ana samu kyauta. Abin da ya fi su duka shi ne a je a gaida maigida da maƙwabta tun kafin a fara, a tsayar da lokaci, kamar daga hantsi zuwa azahar, a ajiye jita da an ji kiran salla. Mai neman ɗaki a Kalgo kuma, kafin ya biya kuɗin shekara, ya roƙi a ɗaga masa silin guda ya leƙa ya ga inda bangon ya tsaya.