Wayar hannu a karatun likitancin ƙwaƙwalwa

Ɗalibin likitanci yakan yi 'yan makonni ne kawai a sashen masu taɓin hankali, a asibitoci irin na Dawanau a Kano ko Barnawa a Kaduna. Ƙarancin lokacin ya sa da yawa ke cike giɓi da waya.

Bidiyon tattaunawa da majinyaci yana da amfani ƙwarai, domin a wannan fanni da baki ake gano yawancin cuta. Sai ka ga ɗalibi ya tsayar da bidiyo a YouTube, ya koma baya, yana lura da yadda likita ya tambayi mai ciwon damuwa ko ya taɓa tunanin kashe kansa ba tare da ya firgita shi ba. Kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, ICD-11, wanda ya fara aiki a 2022, kyauta yake a intanet, haka ma mhGAP, jagorar hukumar kan lafiyar ƙwaƙwalwa.

Sai dai yawancin bidiyon daga Turai da Amurka suke. Ba su koyar da yadda za a amsa wa uwar da ta ce ɗanta jifa aka yi masa, ko iska ce ta taɓa shi. Wannan sai a gaban malami, a ɗakin majinyata.