Ina Gubar da Ƙasa Ta Shanye Take Zuwa?



Duk wanda ya bi ta unguwannin masana'antu na Sharaɗa da Challawa a Kano ya san warin ruwan da kamfanonin jima suke saki. Wanda ya bi lambatu ya gangara kogi, ido na ganinsa. To, wanda ƙasa ta shanye fa? Ina ya nufa, yaushe kuma zai iske rijiyar wani?

Amsar wannan tambaya masana ruwan ƙarƙashin ƙasa suke nema da lissafin kwamfuta. Tushen lissafin ya daɗe. A 1856, a birnin Dijon na Faransa, injiniya Henry Darcy ya cika bututu da yashi, ya tura ruwa ciki, ya gano cewa gudun ruwan ya dogara ne ga ƙarfin gangara da kuma irin ƙasar da yake ratsawa. Yashi ba ya hana ruwa wucewa, yumɓu kuwa da ƙyar yake bari. A 1984 hukumar binciken ƙasa ta Amurka ta fito da manhajar MODFLOW, wadda take yanka yanki gida-gida kamar gurbin dara, ta lissafa ruwan da ke tashi daga wannan gida zuwa na kusa da shi.

Sai dai kowace guba da nata hali. Dalma maƙalewa take yi a saman ƙasa. Shi ya sa a Zamfara, inda gubarta ta kashe yara aƙalla 400 a 2010, aikin da aka yi a Dareta, daga baya kuma a Bagega, shi ne kankare ƙasar tsakar gidaje a zuba sabuwa. Sinadarin benzin da ke cikin man fetur kuwa bin ruwa yake yi. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 a kan ƙasar Ogoni ya same shi a rijiyoyin Ogale, ya ninka ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya fiye da sau 900.

Kwamfuta fa ba duba take yi ba. In ba a haƙa rijiyoyin gwaji an auna zurfin ruwa rani da damina ba, taswirar da za ta zana ado ce kawai, komai kyanta.

Don haka, mai sauraro, in rijiyarka ko burtsatsenka na kusa da majema, juji ko gidan mai, kai ruwan ɗakin gwaji a auna. Garau ɗin ruwa ba shaidar tsabtarsa ba ce.