Gyaran tsohuwar mota ko sayen wata ta hannu: Lissafin da ke gaban masu motoci a Dutsin-Ma da Kurfi

Shekarun baya, idan mota ta fara yawan zuwa gareji, shawarar da kanikawa da dillalai kan bayar ita ce a rabu da ita, a cika kuɗi a sayi wata. A yau wannan shawara ta yi wa mafi yawan masu motoci nauyi, musamman a garuruwa irin Dutsin-Ma da Kurfi, inda mota ɗaya kan zama abin zuwa aiki, abin kai mara lafiya asibiti a Katsina, kuma abin neman abinci a ranar kasuwa. Malamin makaranta, ma'aikacin Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da direban haya duk suna fuskantar tambaya ɗaya: a ƙara zuba kuɗi a tsohuwar, ko a nemi wata?

Abin da ya sauya lissafin

Yawancin motocin da ake hawa a wannan yanki an shigo da su ne bayan an yi amfani da su a Turai ko Amurka. A da, da yawansu ta Kwatano suke sauka, su biyo ta Maraɗi su shigo ta iyakar Jibiya. Daga 1 ga Janairun 2017 Gwamnatin Tarayya ta haramta shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, ta mayar da harkar tashoshin jiragen ruwa, lamarin da ya ƙara wa ɗan Arewa kuɗin ɗauko mota daga Legas.

Babban sauyin ya zo ne a 2023. A ranar 29 ga Mayu aka sanar da cire tallafin man fetur, a watan Yuni kuma Babban Bankin Najeriya ya saki farashin Naira. Dalar da ake canzawa a kusan Naira 460 a hukumance ta haura Naira 1,500 a 2024. Da yake da Dala ake sayo mota, kuma da farashin Dala Hukumar Kwastam ke lissafa haraji, kuɗin mota ya tashi ta fuska biyu. Kayan gyara ma sun yi tsada, amma kuɗin aikin bakanike bai tashi daidai da Dala ba. Wannan ne ya sa gyara ya fi samun rinjaye a yanzu fiye da yadda yake a da.

Yadda ake kwatanta kuɗin

Kuskuren da aka fi yi shi ne a kwatanta kuɗin gyara da darajar tsohuwar motar kaɗai, a ce ba za a kashe rabin kuɗinta a kanta ba. Abin da ya kamata a auna shi ne kuɗin gyaran a gefe guda, da cikon da za a yi kafin a mallaki wata motar a ɗaya gefen. Cikon ya haɗa da bambancin farashin motocin biyu, la'adar dillali, sauya takardu, inshora, da gyaran farko da kusan kowace motar hannu ke buƙata, kamar juyen baƙin mai, tayoyi, batir da birki. Inshorar dole ta motar gida kaɗai ta tashi daga Naira 5,000 zuwa Naira 15,000 tun Janairun 2023.

Sai kuma a tuna cewa motar da ke hannu an san ciwonta, wadda za a saya kuwa ba a san abin da ya sa mai ita ya rabu da ita ba. Wanda ya sayar da mota saboda matsalar giya, ya sayo mai ɓoyayyen ciwon inji, tsugune ba ta ƙare masa ba.

Wane irin ciwo ne?

Matsalolin mota ba ɗaya suke ba. Akwai kayan da dole su cinye komai lafiyar mota: birki, kuloci, filogi, shokozoba, bel da tayoyi. Lalacewarsu ba dalili ba ne na sayar da mota, domin duk wadda aka saya za ta buƙace su.

Mataki na biyu shi ne inji da giya. Idan inji ya buga ko ya fara shan baƙin mai yana hayaƙi, ana iya buɗe shi a sauya ringi, ko a ɗora wani na hannu daga kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano. Aiki ne mai cin kuɗi, amma idan sauran jikin motar lafiya lau yake, yakan ƙara mata shekaru. Sharaɗin shi ne a gano abin da ya kashe injin farko. Sau da yawa lagireto ne ya toshe ko fanka ta daina aiki, kuma idan ba a gyara su ba, zafin bazara zai ƙona na biyun.

Mataki na uku ne ke nuna cewa lokacin rabuwa ya yi: shasi da ya lanƙwashe bayan haɗari, tsatsar da ta ci ƙasan mota, ko wayoyin da aka yanka aka haɗa har matsalar wuta ta ƙi ƙarewa. Walda tana rufe ido, amma ba ta mayar wa ƙarfe ƙarfinsa na asali.

Samuwar kayan gyara ita ma abin dubawa ce. Golf 3 da Peugeot 406 sun daɗe da fita daga masana'anta, amma saboda yawansu a titunan Arewa ana samun kayansu da masu iya gyaransu cikin sauƙi. Motar da ta fi su sabunta, mai cike da na'urori, tana iya buƙatar a kai ta Katsina ko Kano a jona mata kwamfuta kafin a gano ciwonta.

Shan mai da hanya

Tun da litar fetur ta haura Naira 1,000 a 2024, shan mai ya zama babban ɓangare na lissafin. Tsakanin Dutsin-Ma da Katsina ta Kurfi kimanin kilomita 60 ne. Misali, wanda ke zuwa ya dawo sau goma a wata yana cin kilomita 1,200. Idan motarsa na yin kilomita 8 da lita ɗaya, zai sha lita 150. Mai yin kilomita 12 kuwa lita 100 za ta sha. A kan Naira 1,000, bambancin ya kai Naira 600,000 a shekara. Ga mai yawan tafiya, wannan na iya biyan wani kaso na cikon. Ga mai zirga-zirgar cikin gari kuwa, bai isa hujjar canjin mota ba.

Akwai kuma abin da kuɗi ba ya aunawa. Dutsin-Ma da Kurfi na cikin ƙananan hukumomin da aka katse wa layukan waya a 2021 saboda matsalar 'yan bindiga. A irin wannan yanki, mutuwar mota a daji bayan faɗuwar rana ta wuce batun asarar lokaci. Motar da ke tsayawa ba zato, kuma kanikawa suka kasa gano dalili, ba ta dace da hanyoyin Safana ko Ƙanƙara ba, komai arahar riƙe ta.

Kafin a yanke shawara

Mai niyyar gyara ya nemi bakanike ya lissafa masa duk abin da motar ke buƙata a lokaci ɗaya, ya kuma ji ta bakin wani bakaniken na biyu. Mai niyyar saye ya tafi da nasa bakaniken, a tayar da motar da safe injin na sanyi, a hau ta a kan babbar hanya, a kuma tabbatar lambar shasi ta yi daidai da ta takardun kwastam, domin motar da ba a biya mata haraji ba ana iya ƙwace ta a shingen bincike.

A taƙaice, idan jiki da shasi na da ƙarfi, ciwon kuma sananne ne, gyara ya fi sauƙi a wannan yanayi. Idan ƙarfen ya gaji, ko motar ta daina zama abin dogaro a hanya, gara a sayar tun tana tafiya da ƙafarta, domin motar da ta kwanta farashin kayan gyara ake yi mata.