Agogon hannu na iya nuna kashi 98 alhali jiki na rasa oksijin

Da hunturu, daga Gumel har Maigatari, akan shiga ɗaki da kaskon gawayi a rufe ƙofa, masu shagon caji kuma suna wuni kusa da janareta. Duka biyun suna fitar da kabon monoksaid, iskar da ba ta da wari. Tana manne wa jini fiye da oksijin sau 200, sai ƙwaƙwalwa da zuciya su rasa rabonsu.

Agogon zamani da na'urar da ake maƙalawa a yatsa da haske suke awo, ba sa bambance iskokin biyu, shi ya sa lambar ke yaudara.

Idan ciwon kai, jiri ko tashin zuciya suka zo a irin wannan wuri, a fita waje nan take, a garzaya asibiti.